Matan da Ke Saƙa Suna Farautar Mai Kisa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu tattauna kan littattafan nan na Turanci da Anti Bilki ta haɗa mu da su, na matan ƙaramin gari da ke taruwa a shagon ulu suna saƙa, sai a kashe wani a garin, su bi diddigi har su gano wanda ya aikata. Gaskiya sun riƙe ni, sai da na ga ƙarshensu hankalina ya kwanta. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Rai fa aka ɗauka. Ba a yi nisa da tsintar gawa ba sai ga su zaune ana zuba shayi, ana yanka kek, ana yaba launin zare. A bayan littafin ma har da bayanin yadda za ki saƙa mayafin wuya da yadda za ki dafa abincin da suka ci. Ni dai na ji kamar an mayar da kisan kai abin nishaɗi. Ko ni kaɗai ce nake jin haka?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ke kaɗai ba ce, kuma na ji daɗi da kika fito da maganar. Bari in fara yi wa waɗanda ba su karanta ba bayani, don kada su ɗauka irin fina-finan harbe-harbe ne.

Salon yana da ƙa'idojinsa. Ba a yin kisan a gaban mai karatu, sai dai a zo a tarar an yi. Ba zubar da jini a shafi, ba batsa, ba ashar. Mai binciken ba ma'aikaciyar tsaro ba ce, mace ce mai sana'arta. Wanda ya yi kisan kuma yana cikin mutanen da kika riga kika gaisa da su tun babukan farko. A Amurka har taron shekara-shekara masu son irin waɗannan littattafai suke yi, Malice Domestic, tun 1989, a kusa da birnin Washington, kuma a nan ake ba da kyautar Agatha, mai ɗauke da sunan marubuciyar Ingila Agatha Christie.

Na masu saƙa kuwa, jeri biyu na fi sani. Na Maggie Sefton ya fara a 2005. Wata akanta ce, Kelly Flynn, ta baro aikinta a Washington ta koma jihar Colorado saboda an kashe gwaggonta. 'Yan sanda sun kama wani mara galihu sun ce shi ne, ita kuma ta gano gwaggon ta ci bashi mai yawa 'yan kwanaki kafin rasuwarta, lissafin bai yi mata ba. Matan shagon ulu da ke kusa da gidan ne suka karɓe ta, suka koya mata saƙa, suka kuma buɗe mata abin da suka sani. Na biyu na Sally Goldenbaum ne, ya fara a 2008, a wani garin masunta na bakin teku a jihar Massachusetts. Mata huɗu ne: Izzy da ta bar aikin lauya ta buɗe shagon zare, da Nell 'yar'uwar mahaifanta, da Cass mai fita teku kamun kifi, da tsohuwa Birdie. Kowace Alhamis da dare suke haɗuwa.

Abban Sadiq:
Anti, ni matsalata daban ce da ta Maman Ilham. Gari ɗaya, wanda za ka zagaye shi da ƙafa, a ce duk littafi sai an kashe mutum a cikinsa, littafi sama da goma, kuma kullum masu shagon zare ne ke ganowa 'yan sanda na kallo? Hankali bai ɗauka ba. Da gaske ne da tuni mutane sun tattara sun bar garin. Ni in zan karanta labarin laifi, na fi son wanda zai nuna mini yadda duniya take, da cin hanci, da talauci, da abin da ke kai mutum ga ɗaukar wuƙa.

Malam Nasiru:
Abban Sadiq, wannan ƙorafin naka ya girmi dukkanmu. A 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya rubuta maƙala yana sukar labaran binciken kisa irin na Ingila, yana cewa kisan da ke cikinsu an yi shi ne kawai don a samar da gawar da za a yi wasa ƙwaƙwalwa a kanta, ya yabi marubutan da suka mayar da kisa hannun irin mutanen da ke aikata shi saboda wani dalili. Shekara huɗu bayan nan, a 1948, mawaƙin baiti W. H. Auden ya duba abin ta wani ɓangaren. A ganinsa dole wurin ya zama mai natsuwa da kyau, domin a irin wannan wurin ne gawa ke girgiza mutum, kuma abin da mai karatu ke nema shi ne a ware mai laifi a wanke sauran jama'a daga zargi. Ka ga su biyun sun kalli abu ɗaya, kowa da abin da ya je nema.

Batun yawan kisa a gari ɗaya kuwa, Amurkawa da kansu suna faɗin haka game da wani shirin talbijin na binciken kisa na 'yar wasa Angela Lansbury da aka yi daga 1984 zuwa 1996, kashi 264, wanda jarumarsa ke zaune a wani ƙaramin gari a jihar Maine. Sharaɗi ne da mai karatu ke amincewa da shi tun daga farko, domin yana son ya koma wurin mutanen da ya saba da su. Ba na cewa dole ka amince da shi.

Amma ina so in mayar da mu asalin saƙar, domin ba ado aka sa ta ba. Miss Marple, mai binciken kisa a littattafan Agatha Christie, ta fara fitowa a gajeren labari a 1927, cikakken littafinta na farko a 1930, ta fito a littattafai 12. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, a wani ƙauye mai suna St Mary Mead. A 1928 Patricia Wentworth ta fito da tata, Miss Silver, tsohuwar malamar koyar da yara a gidajen masu kuɗi, ita kuma littattafai 32. Dukansu biyu da saƙa a hannu. Ku tuna lokacin: yaƙin duniya na farko ya cinye samarin Ingila, an bar mata da yawa ba aure, ana yi musu kallon waɗanda ba su da amfani. Sai ga marubuta mata biyu sun ɗauko wannan da aka raina sun ce ita ce ta fi kowa gani a ɗakin.

Hajiya Talatu:
Malam ya taɓo inda nake da abin cewa. Ni ban iya Turancin karanta waɗannan littattafai ba, 'yata ce ke ba ni labarinsu, amma saƙa sana'ata ce tun ina amarya, kayan sanyin jarirai, hula da safa da suwaita da shawul, da kwarashi da tsinke duka.

Abu na farko, in hannunki ya saba, ido da kunne sun huta. Kina ƙirga a zuci, yatsu na tafiya, kanki a sunkuye. Mutane sai su manta kina wurin. A gidan suna, a layin asibiti, a mota, abin da ake faɗa a gaban mai saƙa ba a faɗarsa a gaban wadda ta zuba wa mutane ido. Kuma ita kanta wadda ke son ta amayar da abin da ke cikinta, ya fi mata sauƙi ta yi magana da wadda ba ta kallon fuskarta.

Na biyu, saƙa tana da hannu kamar rubutu. Ki ba mata biyu ulu ɗaya, tsinke ɗaya, ki ce su yi hula iri ɗaya. Ta ɗaya za ta fito a matse, ta ɗaya a sake. Wata in ranta a ɓace yake sai ta riƙa jan zare, ki ga layuka biyar sun tsuke a tsakiyar riga, daga baya su saki. Ni in aka kawo mini shawul daga cikin na matan da na koya wa, kafin a faɗa na san ta wace ce, daga yadda ta rufe baki da yadda ta ɓoye bakin zare.

Na uku, ulu. Ku duba takardar da ke naɗe da dunƙulen ulu na kamfani, akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini. Launi ɗaya ne, amma in ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba, sai kin gama riga kin fito da ita rana ki ga hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu. To in aka tsinci guntun zare a inda aka yi ɓarna, mai shago za ta iya cewa wannan daga kwalin da ya zo kaza ne, kuma wance da wance ne suka saya. Ɗan sanda namiji zai ga jan zare ne kawai.

Ummi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan bayanin naki ya fi mini babi uku na littafin.

Malam Nasiru:
Abin da Hajiya ta faɗa akwai shi a wani wasan kwaikwayo na ƙasar Ireland, na J. M. Synge, 1904. Teku ta ci wani saurayi masunci, aka tsinci gawa a nesa aka binne, aka aiko da guntun riga da safa. Ƙanwarsa ta ƙirga ƙullin safar ta gane ita ta saƙa: ta ɗora sittin, ta rage huɗu. Da wannan suka tabbatar ɗan'uwansu ne. Ba labarin gano mai kisa ba ne, amma hujjar iri ɗaya ce.

Ramatu daga Damagaram:
Sannunku da hira. Mu da muka yi karatu da Faransanci, hoton mai saƙa da muka fara sani ba mai daɗi ba ne. A tarihin juyin juya halin Faransa akwai matan da ake ba da labarin suna zama kusa da inda ake sare kawunan mutane a Paris, suna saƙarsu suna kallo. Marubucin Ingila Charles Dickens ya ɗauki wannan a littafinsa na 1859, ya yi wata mata da ke saƙa sunayen waɗanda za a kashe a cikin zarenta, ba wanda ya iya karantawa sai ita. Sannan akwai ta gaske a yaƙin duniya na biyu, Phyllis Latour, 'yar leƙen asirin da Birtaniya ta sauke da laima daga jirgin sama a yankin Normandy na Faransa a watan Mayun 1944. Lambobin sirrinta suna kan ɗan ƙyallen siliki, da tsinken saƙa take tura shi cikin igiyar da take ɗaure gashinta. Ta rayu har 2023, ta rasu a New Zealand tana da shekara 102. Don haka Abban Sadiq, cewa mai saƙa ta san abin da masu bindiga ba su sani ba, wannan kam ya faru.

Abban Sadiq:
Na karɓi wannan, Malama Ramatu. Amma ita an horar da ita. Har yanzu ina kan bakana game da masu shagon zare.

Malam Auwal:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama, kuma akwai gefen da ba a taɓa ba. Me waɗannan matan suke yi in sun taru? Suna zancen mutanen da ba sa wurin. Wane yana bin wance, wane bashi ya yi masa katutu, an ga motar wane a ƙofar gidan wance da dare. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat an hana mu abu uku a jere: yawan zato, da bin diddigin sirrin mutane, da cin naman juna. Littafin da zai sa mai karatu ya ji cewa waɗannan ukun su ne hanyar gano gaskiya, akwai abin dubawa a cikinsa. Ban ce haramun ne karantawa ba, ba ni da wannan hurumin. Ina dai tsoron abin da yake koya wa zuciya a hankali.

Na kuma ji an ce a wasu daga ciki har da giya a teburin.

Anti Bilki:
Akwai, Malam, musamman na bakin tekun nan, a zamansu na Alhamis. Al'adarsu ce, ba a ɓoye ba, kuma gara wanda zai karanta ya sani tun yanzu.

Batun gulma kuwa, na daɗe ina tunaninsa. Abin da na lura shi ne, a littafin da aka rubuta da kyau, jita-jitar gari ita ce ke fara kama mutumin da bai ji ba bai gani ba. Gari ya riga ya yanke hukunci: baƙon nan ne, ko yaron nan mai shaye-shaye, ko matar da ba a so. Aikin matan shi ne su ƙi yarda da "an ce", su tambaya wa ya gani, da ƙarfe nawa, daga ina yake tsaye. A na Colorado ɗin nan ai da Kelly ta yi shiru, da wancan bawan Allah mara gata ya tafi gidan yari a kan abin da bai yi ba.

Malam Auwal:
To in haka ne, ya fi kusa da aya ta 6 ta surar, wadda ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Kuma bayanin Hajiya Talatu ya tuna mini da Suratu Yusuf. Sau biyu riga ta zama hujja a kan masu ƙarya. 'Yan'uwansa sun kawo rigarsa da jinin ƙarya, malaman tafsiri suka ce mahaifinsu ya lura ba ta yage ba, wane kerkeci ne zai ci yaro ya bar riga lafiya? Sannan a gidan Aziz, mai shaida daga dangin matar ya ce a duba inda rigar ta tsage, in ta gaba ce ita ke da gaskiya, in ta baya ce shi ne. Duba tufafi a gano gaskiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma ina nan a kan cewa akwai tazara tsakanin wanda ya bincika don ya kuɓutar da wanda aka zalunta da wanda ke jin daɗin tonon asiri, kuma marubuci na iya zamewa daga wannan zuwa wancan bai sani ba.

Rahina (Leeds):
Yi haƙuri na shigo a makare, ina aikin dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan, kuma yankin nan na Yorkshire da ulu ya ginu, Leeds da Bradford duk garuruwan masaƙu ne a da. Abin da zan ƙara shi ne su wa ke karanta littattafan nan da kuma dalili. Tsofaffin matan da nake kula da su, da yawansu su kaɗai suke zaune. Miji ya rasu, 'ya'ya suna wani gari, sai a yi kwanaki ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A ɗakunan karatu na unguwa da majami'u akwai ranar da suke haɗuwa su yi saƙa su yi hira, wasu su saƙa 'yan huluna a kai wa jariran da aka haifa bakwaini. Ga wasunsu wannan ce kaɗai fitar da suke yi a mako.

Littattafan nan, har da bugu mai manyan haruffa saboda masu raunin ido, suna gefen gadonsu. Na taɓa tambayar wata me take samu a ciki, ta ce mini a garin littafin in ba ka fito ba kwana ɗaya sai an zo an duba ka. Maman Ilham, shayin da kek ɗin da suka dame ki, su ne abin da waɗannan matan ke zuwa nema. Mu da muka taso a gidan yawa ba lallai mu gane yunwar ba.

Maman Ilham:
Yaya Rahina, wannan ya taɓa ni ƙwarai, kuma ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma bari in ƙara matsawa, domin har yanzu ba a amsa ainihin abin da ke damuna ba. Na lura wanda ake kashewa sau da yawa an riga an ɓata shi a idon mai karatu. Mugun mai gidan haya ne, ko mace mai raba aure, ko mai baƙin hali da kowa ke ƙi. An yi haka ne don kada mu yi baƙin ciki, mu ci gaba da shan shayinmu. To ai mugu ma yana da uwa. Ina kukan? Ina zaman makoki? Mu da muka san abin da kisa ke yi wa gida a ƙasar nan, mun san ba a warkewa a babi biyu.

Anti Bilki:
Nan kam kin kama su. Da yawa haka suke yi, musamman in jerin ya yi tsawo, kamfanin ɗab'i na jiran sabon littafi duk shekara. Sai gawar ta zama dalilin taruwa kawai. Ni ma in na ga haka ajiyewa nake yi. Amma ki lura littattafan farko na jerin biyun da na ambata ba su bi wannan hanyar ba. A ɗaya gwaggon jarumar ce, wadda take ƙauna. A ɗayan budurwa ce da ke haya a saman shagon Izzy, aka tsince ta a ruwa.

Malam Nasiru:
Maman Ilham, akwai littafi ɗaya da nake so ki nema, na Christie, 1953, A Pocket Full of Rye. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba. A cikin waɗanda aka kashe akwai 'yar aiki, Gladys, marainiya, ba kyau, ba wayo, ba wanda ya damu da ita a gidan. An shaƙe ta a wurin shanya, sannan mai kisan ya ɗauki ɗan maƙalin da ake matse shanya da shi ya maƙala mata a hanci. Miss Marple ta gani a jarida. Ita ce ta ɗauko yarinyar tun farko ta koya mata aikin gida. Ba wanda ya kira ta, ta hau jirgin ƙasa ta je gidan, kuma abin da ya kai ta shi ne wulaƙancin da aka yi wa gawar. Attajirin gidan ma an kashe shi, amma saboda 'yar aikin ta zo. A shafin ƙarshe, bayan komai ya wuce, ta koma gida ta tarar da wasiƙar da yarinyar ta aiko mata kafin ta mutu tana neman shawara, wasiƙar ta yi yawo ba ta iso da wuri ba. Tsohuwar ta yi hawaye, sannan ta yi fushi.

Wannan shi ne ma'aunina ga duk littafin da ke cikin salon nan. In akwai mutum ɗaya a ciki da mutuwar ta yi wa ciwo har ya kasa zama, to shayin da saƙar ba su rage komai ba, ai mu ma a gidan makoki ana dafa abinci ana ci. In babu shi, ƙorafinki ya tabbata a kan wannan littafin.

Maman Ilham:
Zan neme shi, Malam. Da wannan ma'aunin, ɗaya daga cikin biyun da na karanta ya faɗi.

Ummi:
Iyayena da yayyena, ni tambayata ta rubutu ce. Ina rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp, duk na soyayya da zaman kishi, kuma na gaji da su. Tun da aka fara maganar nan nake tunanin me zai hana a yi irin wannan da Hausa. Ba sai an kwaikwayi shagon ulu na Amurka ba. Muna da matan da ke ɗinkin hula a tsakar gida, muna da 'yan adashi, muna da gidan kitso. Uwar adashi ta san wadda ta kasa zubi wata biyu, ta san wadda ta zo da kuɗi masu yawa ba zato. Mai kitso tana shiga kowane gida.

Abban Sadiq:
Ummi, ra'ayin yana da kyau, amma ga duwatsu biyu a gabanki. Na ɗaya, mu muna binne mamaci a ranar, wani lokaci cikin 'yan awoyi. Littattafan Turawa sun dogara da likita ya duba gawa ya ce guba ce ko shaƙewa ce, da ƙarfe kaza. Ke wa zai ba ki wannan? Na biyu ya fi nauyi. A can in matan sun gano mai laifi, sai su miƙa wa 'yan sanda, kotu ta yi aikinta. A nan kin san abin da ke faruwa in aka nuna mutum da yatsa a unguwa aka ce shi ne. Kafin hukuma ta iso an gama da shi. Mun ga an kashe mutane a kan zargin maita da zargin sata. In za ki rubuta, kada ki koya wa mutane cewa zaman tsakar gida na iya yanke hukunci.

Hajiya Talatu:
Na farkon yana da amsa, ɗana. Wa ke wankan gawar mace? Mata ne, kuma yawanci tsofaffi. Abin da mai wanka ta gani a jiki, likita ne kawai zai fi ta gani. Sai dai amana ce, an hore ta da ta rufa asirin mamaci. To ga labarinki nan, Ummi: tsohuwa ta ga tabo a wuyan yarinya, an ce mata ciwon ciki ne ya kashe ta. Ta yi shiru ta ci amanar yarinyar, ko ta yi magana? Wa za ta fara gaya wa?

Malam Auwal:
Hajiya, wannan mas'ala ce ta gaske. Rufa asirin mamaci an yi shi ne don mutuncinsa, ba don a kare wanda ya zalunce shi ba. Sai dai ta kai maganar inda ya dace, wurin waliyyan yarinyar ko hukuma, kada ta kai ta bakin rijiya. Ummi, in kin zo wannan babin ki zauna da malami ku duba shi sosai.

Malam Nasiru:
Ki kuma riƙe doka ɗaya daga cikin goma da Ronald Knox, wani limamin Katolika kuma marubuci, ya tsara wa masu wannan salon a 1929: ba a warware kisa da abin da ya fi ƙarfin ɗabi'a. Ba boka, ba mafarki, ba aljani da zai hau kan wata ya faɗi sunan mai laifi. Na san wannan zai yi wa marubutanmu wuya, domin hanya ce mai sauƙi da aka saba bi. Mutanen cikin labarin suna iya yarda da asiri, har ma mai kisan ya fake da shi, amma ke marubuciya dole ki ajiye kowace hujja a gaban mai karatu tun kafin ƙarshe, yadda in ya koma baya zai ga tana nan bai lura ba.

Ummi:
Na rubuta duka. Mai wankan gawar za ta zama mai ɗinkin hula, kuma wadda gari zai fara zarga kishiyar yarinyar ce, domin ita kowa zai nuna. Yaya Abban Sadiq, zan sa babin da matasa suka taru a ƙofar gidan da sanduna, tsohuwar ta aika a kira mai unguwa. Hajiya, zan biyo ki ta akwatin sirri, ina so ki nuna mini yadda ake gane hannun mai ɗinki a jikin hula, domin a kan hular da aka bari a ɗakin nake so hujjar ta tsaya.

Hajiya Talatu:
Ki biyo ni bayan la'asar. Ki zo da hula biyu na mutum biyu daban, ki juya cikinsu waje kafin ki ɗauki hoton, a bayan ɗinki ake gani.